Daga Teburin Landan zuwa Shingen Tinkim: Yadda Ƙasa Ke Ƙulla Yarjejeniya

 Shirin na yau ya sauka a kudancin jihar Damagaram, a gundumomin Magarya da Dungas, inda iyakar Nijar da Nijeriya ta ratsa tsakanin gonaki da kasuwanni da dangi.

Duk mutumin Magarya da ya taɓa kama hanyar Tinkim zuwa Babban Mutum, da duk ɗan Dungas da ya kora shanu zuwa Maigatari ranar Alhamis, ya bi ta kan yarjejeniyoyi da dama ba tare da ya gan su ba. Wurin da shingen duwan yake tsaye, yarjejeniya ce ta ajiye shi a nan. Katin da jandarma ke karɓa ya duba ya mayar, yarjejeniya ce ta ba shi daraja a ƙasar da ba ita ta buga shi ba. Haka takardar rigakafin da makiyayi ke naɗewa a aljihu. Ranar da aka wayi gari an datse hanya kuma, to wata yarjejeniya ce aka taka, ko wata aka ɗauko aka yi hukunci da ita. Saboda haka sanin yadda ake ƙulla waɗannan takardu ya shafi mai saida wake a Bande kamar yadda ya shafi lauya a Yamai.

Labarin ya faro ne tun Turawa ba su mallaki ko taki ɗaya na wannan ƙasa ba. Ranar 5 ga Agusta 1890, Ingila da Faransa suka fitar da sanarwa a Landan, suka ja layi daga garin Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Ranar 14 ga Yuni 1898 suka sake zama a Faris don gyara layin. A wannan karon suka zana wani baka kewaye da birnin Sakkwato, mai nisan mil 100 daga birnin, sannan daga gabas suka sa iyaka ta bi layin taswira na digiri 13 da minti 20. Birnin Damagaram yana arewa da wannan layi, sai ya faɗa rabon Faransa. Magarya da Dungas suna kudu da shi. Ke nan a bisa takardar 1898, garuruwan nan biyu na Ingila ne.

A lokacin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga yana kan gadonsa. Sojojin Faransa ba su shiga birninsa ba sai a ƙarshen watan Yuli 1899, Ingilishi kuwa ba su ci Kano da Sakkwato ba sai 1903. An raba ƙasa masu ita suna zaune, ba a aiko musu da ko manzo ba.

Abin da ya sauya lissafin shi ne ruwa. Bakan nan da aka zana kewaye da Sakkwato ya tilasta wa ayarin Faransa da ke tasowa daga Kwara zuwa Damagaram yin zagaye ta arewa, ta cikin daji mai ƙarancin rijiyoyi. Faransa ta dage sai an ba ta hanya mai ruwa. Ranar 8 ga Afrilu 1904, cikin babban sulhun da ƙasashen biyu suka yi, aka haɗa cinikin da wani abin da ba wanda zai yi zato: Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da masuntanta ke da shi a gaɓar tsibirin Niyufanland, wanda yau yake cikin Kanada, ita kuma Ingila ta biya ta da ƙasa a Afirka, ciki har da turo iyakar nan zuwa kudu. Takardar ta kuma ce idan an zo sa iyaka a ƙasa, a yi la'akari da sarautun da aka tarar, mutanen da ke bin Tasawa da Maraɗi da Damagaram a bar wa Faransa su gwargwadon iko. Dungas da Waca, tsofaffin ƙasashen Sosebaki, sun riga sun shiga hannun Damagaram tun ƙarni na 19, haka ma Magarya, duk da cewa sarautarta jininta ɗaya da ta Daura. Yarjejeniyar Landan ta 29 ga Mayu 1906 ita ta kammala zancen. Daga nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa turaku, guda 148, aka sa hannu a kan bayanin aikinsu a Landan cikin Fabrairu 1910.

Wato dalilin da ya sa yaron Magarya ke karatu da Faransanci, ɗan'uwansa na Baure ko Zangon Daura kuma da Ingilishi, yana da nasaba da kamun kifi a wani teku mai sanyi da kakanninsu ba su taɓa jin sunansa ba.

Mai sauraro zai iya tambaya: da aka sami 'yancin kai a 1960, me ya hana a yaga takardun da ba a shawarci kowa a kansu ba? Shugabannin Afirka sun tattauna wannan, kuma a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Alƙahira, cikin Yuli 1964, suka yanke cewa kowace ƙasa ta mutunta iyakar da ta gada. Dalilinsu shi ne tsoron yaƙi, domin in aka buɗe wannan ƙofa, babu ƙasar da ba ta da abin nema a wurin maƙwabciyarta. Dokar duniya ma ta bi wannan hanya. Babbar yarjejeniyar da ta tsara yadda ake yin yarjejeniyoyi, wadda aka ƙulla a birnin Biyana ranar 23 ga Mayu 1969, ta yarda cewa wani lokaci ƙasa na iya neman fita daga alkawari idan al'amura sun sauya daga tushe, amma ta cire yarjejeniyar iyaka daga wannan rangwame. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Biyana a 1969, Nijar ta shige ta a 1971, yarjejeniyar ta fara aiki a 1980.

To yaya ƙasa mai 'yanci ke ɗaura wa kanta alkawari a yau?

Aikin yana farawa ne a ɗakunan da ba kyamara. Ma'aikatar harkokin waje ce ke jan ragama, amma takan tafi da masu sanin abin da ake magana a kai: in zancen ruwa ne injiniyoyi, in na dabbobi ne likitocin dabbobi, in na haraji ne manyan jami'an duwan. Wakilin da zai sa hannu sai ya nuna takardar cikakken iko daga gwamnatinsa. Mutum uku ne dokar Biyana ta ɗauke wa wannan: shugaban ƙasa, shugaban gwamnati, da ministan harkokin waje, domin kujerarsu ta isa shaida. Ana iya kwashe shekaru ana ja-in-ja a kan jimla ɗaya, kuma ba ɓata lokaci ba ne. Musulmin da ya karanta tarihin sulhun Hudaibiyya ya san yadda aka tsaya a kan kalmomin buɗe takarda kafin a kai ga sharuɗɗa. Abin da aka rubuta shi za a ɗauko ranar da zukata suka ɓaci.

Bayan an daidaita sai sa hannu. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, don shi ne abin da talabijin ke nunawa: tutoci, alƙalami, musafaha. Amma a manyan yarjejeniyoyi sa hannu kamar baiko yake. An tsayar da magana, bai halatta mai sa hannu ya je ya aikata abin da zai rushe manufar ba, sai dai haƙƙoƙin aure ba su hau kan kowa ba tukuna. Ɗaurin auren shi ne tabbatarwa, kuma a gida ake yin sa.

Kundin tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010 ya shimfiɗa hanyar a fili. Shugaban ƙasa ne ke tattaunawa, shi ne kuma ke tabbatarwa. Amma akwai yarjejeniyoyin da ba shi da ikon tabbatar da su sai majalisar dokoki ta yi doka ta ba shi izini: na tsaro, na zaman lafiya, na shiga ƙungiyoyin ƙasashe, waɗanda za su sauya dokokin cikin gida, da waɗanda za su ɗora wa baitulmali nauyi. Bashin da gwamnati ke ciyowa don gina hanya ko asibiti yana cikin wannan rukuni na ƙarshe, shi ya sa aka saba jin majalisar ministoci ta amince da daftarin dokar tabbatar da yarjejeniyar rance. Idan kuma kotun tsarin mulki ta duba ta ga wani sashe ya saɓa wa kundin, ba za a tabbatar ba sai an gyara kundin kansa. Tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 an dakatar da wannan kundi, an rusa majalisa, izinin tabbatarwa yana fitowa ne ta umarnin doka daga hukumomin da ke mulki. A idon ƙasashen waje wannan bai rage nauyin alkawari ba. Ƙasa ce ke ɗaukar alkawari, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, wadda ta zo ta tarar da kayan ta gaje su.

Matakin majalisa ba ado ba ne, kuma Nijar tana da shaida. A 2003 Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙoƙin mata, gwamnatin Nijar ta sa hannu a 2004. Da maganar ta isa zauren majalisa a 2006, bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun nuna adawa da wasu sassa da suka shafi aure da gado da haihuwa, 'yan majalisa suka ƙi ba da izini. Ƙungiyoyin mata sun yi baƙin ciki, malamai da yawa sun yi murna, kuma har yau ana muhawarar. Ko wane gefe mutum yake, abu ɗaya ya fito fili: hannun da aka sa a waje bai ɗaure ƙasa ba, domin wakilan jama'a sun ce a'a. Akwai kuma hanya ta tsakiya. Lokacin da Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1999, ta shiga ne da togaciya, wato ta rubuta cewa ta karɓi yarjejeniyar amma ban da sassa kaza da kaza. Doka ta yarda da togaciya muddin yarjejeniyar ba ta hana ba, kuma ba ta tumɓuke ainihin manufarta ba.

Wannan mataki shi ne babban bambanci tsakanin 1906 da zamanin 'yanci. A wancan lokaci babu inda muryar ɗan Dogo-Dogo ko Malawa za ta shiga. Tsarin tabbatarwa ya buɗe mata ƙofa, ko da ƙarama ce, kuma ƙofa ce da ta cancanci a riƙa tambayar lafiyarta a kowane irin mulki.

Idan izini ya samu, shugaban ƙasa sai ya sa hannu a takardar tabbatarwa. In ƙasashe biyu ne sai su yi musayar takardu. In suna da yawa sai a kai wa wanda aka naɗa ma'aji, kamar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ko shugaban hukumar Tarayyar Afirka. Yarjejeniyar kanta ce ke faɗin ranar da za ta fara aiki. Ta kasuwancin bai-ɗaya na Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali ranar 21 ga Maris 2018, ta ce sai ƙasashe 22 sun kai takardunsu. Nijar na cikin na farko-farko, kasancewar Shugaba Mahamadu Isufu ne aka ɗora wa jagorancin aikin. Adadin ya cika, ta fara aiki ranar 30 ga Mayu 2019. Daga nan akan yi rajistar yarjejeniya a Majalisar Ɗinkin Duniya, domin wadda ba a yi wa rajista ba, ba a iya kafa hujja da ita a gaban hukumomin majalisar. An sa wannan ƙa'ida ne don a kashe al'adar ƙulla alkawura a ɓoye.

Saura mataki ɗaya a cikin gida, kuma a nan Nijar da Nijeriya suka raba hanya. A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, yarjejeniyar da aka tabbatar, da zarar an buga ta a jaridar gwamnati, ta fi dokar majalisa ƙarfi, da sharaɗin ɗaya ɓangaren ma yana aiki da ita. Alƙali a kotun Magarya yana iya ɗaukarta kai tsaye ya yi hukunci. A Nijeriya kuwa, sashe na 12 na kundin 1999 ya ce babu yarjejeniyar da ke zama doka sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka. Shugaban ƙasa na iya tabbatarwa, ƙasa ta ɗauru a idon duniya, amma alƙalin Gumel ko na Daura ba zai yi hukunci da ita ba sai dokar ta fito. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta sami wannan gata a 1983, shi ya sa kotun ƙolin Nijeriya ta yi aiki da ita a shari'ar lauya Gani Fawehinmi a 2000. Wasu da dama ba su samu ba. Ke nan takarda ɗaya tana iya zama doka a Tinkim, a Babban Mutum kuma ta zama alkawarin gwamnati kawai, alhali tsakaninsu tafiyar ɗan lokaci ce a kan babur.

Jaridar gwamnatin Nijar da Faransanci ake buga ta, a Yamai. Doka tana ɗauka cewa da an buga, kowa ya sani. A ƙauyukan Guci da Sasumburum wannan zato ne kawai. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda aka sa wa hannu a Dakar ranar 29 ga Mayu 1979, ta ba ɗan ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba biza, in yana da takardar tafiya da ta rigakafi. Shawarar shugabannin ƙungiyar ta 1998 ta tanadar wa makiyaya takardar ƙetare iyaka mai nuna yawan dabbobi, allurar da aka yi musu, da hanyar da za su bi. Shekaru aka yi waɗannan haƙƙoƙi suna rubuce, amma matafiyi da bai san da su ba yakan miƙa kuɗi a shinge yana godiya, yana ganin alfarma aka yi masa. Haƙƙin da mai shi bai sani ba, da wuya ya tsaya ya nema. A ra'ayin wannan shiri, fassara irin waɗannan takardu zuwa Hausa da Fulatanci da Barbarci, da karanta su a gidajen rediyon karkara, wani ɓangare ne na zartar da su, kuma shi ne ɓangaren da ya fi arha.

Sai babbar tambaya: in ƙasa ta saɓa, wa zai kama ta? Duniya ba ta da jandarma. Dokar Biyana ta ce alkawarin da ya fara aiki wajibi ne a cika shi da zuciya ɗaya, kuma ƙasa ba ta da damar fakewa da dokarta ta cikin gida. Amma tilastawa tana tafiya ne ta hanyoyi da ƙarfinsu ya bambanta.

Akwai kotu, kuma Nijar ta san hanyarta. Rikicin tsibirin Lete da ke cikin Kwara ya daɗe yana ci tsakaninta da Benin tun farkon shekarun 1960. Ƙasashen biyu suka yarda a rubuce su kai maganar kotun duniya da ke Heg, kuma ranar 12 ga Yuli 2005 kotun ta ba Nijar tsibirai 16 cikin 25, har da Lete, sauran ta ba Benin. A 2013 kotun ta raba gardamar iyaka tsakanin Nijar da Burkina Faso. Nijeriya ma ta sha ɗacin irin wannan hukunci a 2002 a kan Bakasi, ta yi ta jan ƙafa, aka sake ƙulla wata yarjejeniya a 2006 don tsara miƙawa, ta kammala ficewa a watan Agusta 2008. Abin lura shi ne kotun duniya ba ta sauraron ƙara sai ƙasashen sun amince da ikonta, kuma ƙasashe ne kaɗai ke tsayawa a gabanta.

Kotun CEDEAO ta zo da wani abu dabam, domin tun 2005 talaka na iya kai ƙarar gwamnati a kan tauye haƙƙi. Hadijatu Mani, wata mata daga yankin Tawa da aka sayar tana 'yar shekara 12, ta bi wannan hanya. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce hukumomin Nijar sun gaza kare ta daga bauta kamar yadda yarjejeniyoyin da ƙasar ta tabbatar suka wajabta, ta yanke a biya ta sefa miliyan 10. Gwamnati ta karɓi hukuncin, ta biya. Wannan shi ne yarjejeniya a ranar da ta fi kyau: takardar da aka sa wa hannu a babban birni ta isa har ga macen da ba ta da kowa.

Akwai kuma ranakun da takarda ba ta tsinana komai ba, kuma mutanen iyaka sun fi kowa saninsu. Ranar 7 ga Yuli 2019, a taron Tarayyar Afirka a Yamai, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannun Nijeriya a yarjejeniyar kasuwancin bai-ɗaya. Ba a cika wata biyu ba, cikin Agusta, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ta ce fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai ya ishe ta. Dokokin CEDEAO na zirga-zirgar mutane da kaya suna nan daram, amma ƙofa ta zauna a rufe har Disamba 2020, lokacin da aka buɗe mashigai huɗu na farko, ciki har da Maigatari da Illela. Wata goma sha shida ke nan masu wake da riɗi da dabbobi suna bin hanyoyin daji, 'yan babur suna cin kasuwarsu, farashi yana hawa a ɓangarorin biyu. Ba wanda ya iya tilasta wa babbar ƙasa. Lallashi da tarurruka da matsin 'yan kasuwarta ne suka yi aiki.

A 2023 abin ya zo ta ɗaya fuskar. Ranar 30 ga Yuli, kwana huɗu bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai, shugabannin CEDEAO suka ƙaƙaba takunkumi, suna kafa hujja da ƙa'idojin ƙungiyar kan dimokuraɗiyya. Aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda Maraɗi da Damagaram ke samun tasu ta layin Katsina. Hukumomin Yamai suka ce matakan sun wuce abin da takardun ƙungiyar suka tanada, kuma sun saɓa wa haƙƙin ƙasar da ba ta da teku. Masana doka sun rabu a kan wannan. Abin da ba gardama a kansa shi ne waɗanda suka ɗauki nauyin: majinyacin da ya saba zuwa asibiti Kano, mai shagon da ke saro kaya a can, da matar da 'yarta ke aure a Babura. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyaka ta buɗe ta ɓangarorin biyu cikin Maris. Ita ma Nijar, daga baya, ta ɗauki nata matakan don kare kasuwar gida: ta hana fitar da hatsi a Oktoba 2024, ta hana fitar da dabbobi gabanin babbar sallar 2025, kuma dillalan Maigatari sun ji a jikinsu.

Hanya mafi shiru ita ce ta hukumomin haɗin gwiwa, kuma sau da yawa ita ta fi amfani. Tun 1971, zamanin Diori Hamani da Yakubu Gowon, ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya mai mazauni a Yamai. A ƙarƙashinta aka ƙulla yarjejeniyar Maiduguri ta 18 ga Yuli 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa, irin su Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe. Irin wannan hukuma ba ta yanke hukunci. Aikinta shi ne haɗa gwamnoni da jami'an duwan da na tsaro da sarakuna su zauna kafin ƙaramar magana ta zama babba: shanun da aka sace aka ƙetare da su, gonar da ta hau kan burtali, turken iyakar da ya faɗi.

Fita daga yarjejeniya ma tana da ƙa'ida. Ranar 16 ga Satumba 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen ƙasashen Sahel, AES. Ranar 28 ga Janairu 2024 suka sanar da ficewa daga CEDEAO, suka ce nan take. Ƙungiyar ta ɗauko sashe na 91 na yarjejeniyarta da aka sabunta a Kwatano a 1993, wanda ya ce mai fita sai ya ba da sanarwar shekara guda, kuma cikin shekarar yana nan a kan alkawuransa. Ƙasashen uku suka ci gaba da gina nasu gida, suka sa hannu a yarjejeniyar tarayyarsu a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024. A lissafin CEDEAO, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, kusan shekara hamsin bayan Nijar ta kasance cikin ƙasashen da suka kafa ƙungiyar a Legas ranar 28 ga Mayu 1975.

Ga mutanen Magarya da Dungas wannan ya fi nauyi fiye da ga mutanen Tera ko Ayoru, domin maƙwabciyarsu ba ta cikin AES, ba ta kuma cikin ƙungiyar ƙasashe masu kuɗin sefa da Nijar ta ci gaba da zama a ciki. Rumfar da ta haɗa su da Kano da Jigawa da Katsina a dokance, kafin ficewar, ita ce CEDEAO. Abin da ya riƙe hanya bayan ficewar shi ne sanarwa guda biyu. A Disamba 2024 ƙasashen AES suka ce 'yan CEDEAO na iya shiga ƙasashensu ba biza, tare da riƙe ikon hana wanda ba su yarda da shi ba. A ranar ficewa, CEDEAO ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku masu tambarin ƙungiyar, su bar musu 'yancin zirga-zirga da na kasuwanci, har zuwa wani sabon umarni. Matakai ne na hankali, sun kuma rage wa jama'a wahala mai yawa. Sai dai kowannensu ɓangare ɗaya ne ya fitar da shi, da sharaɗin da ya zaɓa, kuma babu kotun da matafiyin Yekuwa zai je in aka juyo da shi daga shinge.

Cikin Afrilu 2025 ministan harkokin wajen Nijeriya, Yusuf Maitama Tuggar, ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakari Yawu Sangare, suka yi maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa ta 1971. A watan Mayu shugaban hukumar CEDEAO ya zauna da ministocin harkokin wajen AES a Bamako don buɗe tattaunawa kan yadda za a zauna nan gaba. Cikin abin da ya kamata masu tattaunawar su rubuta baƙi a kan fari akwai takardar da za ta isa a ƙetare da ita, kwana nawa baƙo zai yi, harajin da ke kan buhun gero da kan sa, matsayin takardar makiyaya, da wurin da wanda aka zalunta a shinge zai kai kuka. Sarakunan gargajiya, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na direbobi da na makiyaya a gundumomin biyu sun fi kowa sanin amsoshin da za su yi aiki a ƙasa, kuma lokacin kai su ga prefe da gwamna shi ne tun takarda tana daftari.

A nan shirin na yau ya tsaya.